JINYAR MAI SANKARAR ƘWAI: NAUYIN WA NE?

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halicci lafiya Ya halicci cuta, Ya sanya kowaccensu jarrabawa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi hanyarsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, ga wata mas'ala da ba a cika ɗaukowa a kan mumbari ba, domin ana ganin kamar zancen mata ne, alhali kuwa rabinta a wuyan maza take. Mas'alar ita ce: idan Allah Ya jarrabi mace da ciwon daji, aka ɗora ta a kan maganin nan da ake ƙara mata ta jijiya, wanda mutanen asibiti suke kira kemo, ta yi wata biyar ko shida tana kwance tana tashi, to wa Shari'a ta ɗora wa jinyarta? Mijinta ne, ko ubanta, ko ɗanta? Kuma mene ne jinyar ma tukuna, biyan kuɗi ne kawai, ko da wani abu bayan kuɗi? Na zaɓi in yi magana a kan sankarar ƙwan mace ne domin ita ce ake ganowa a makare, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fassara a cikin gidajenmu na Unguwar Mu'azu da Kabala West da Tudun Wada da sauran unguwanni.

Kada ka ce ai ni ko aure ban yi ba. Wannan cuta ta fi kama matan da suka haura shekara 50, watau sa'o'in mahaifiyarka da gwaggonka da innarka. Ranar da abin zai zo, kai ne za a miƙa wa katin asibiti a ce riƙe.

MECE CE CUTAR

Mace tana da gidan ƙwai guda biyu a cikin mararta, ɗaya dama ɗaya hagu da mahaifa. Idan tsiro marar kyau ya fito a nan, yana da fili mai yawa da zai yi girma ba wanda ya sani. Alamunsa kuwa irin waɗanda kowa yake rainawa ne: kumburin ciki da ba ya sacewa, cin abinci kaɗan a ji an ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari, da rama alhali ciki yana ƙara girma. Sai a ce olsa ce, a sha maganin olsa wata uku. Sai a ce basir ne, ko shawara. Idan ruwa ya taru cikin ya yi tulele, sai a koma cewa sammu ne, kishiya ce ta yi mata ajiya a ciki, ko kuwa cikin aljani ne ya kwanta. A nan ake ɓatar da watannin da suka fi kowane lokaci tsada. Domin kuwa idan an kama cutar tun tana cikin gidan ƙwai ba ta fita ba, mata 9 cikin 10 suna wuce shekara biyar da rai, amma mafi yawa ba a gano su sai ta bazu a cikin ciki. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mata wajen 324,000 ne suka kamu da ita a duniya, wajen 207,000 kuma ta yi ajalinsu. Cutar da ke kama matan Ingila da na Sin da na Masar, ta yaya za ta zama aikin kishiyar babarka?

Maganinta a asibiti kashi biyu ne, aiki da kemo. Wani lokaci a fara da aiki, wani lokaci a fara da kemo sau uku domin tsiron ya motse, sa'an nan a yi aiki a ƙarasa sauran. Magungunan da aka fi haɗawa guda biyu ne, Carboplatin da Paclitaxel, ana ƙara su ta jijiya yini ɗaya, a huta mako uku, a sake komawa, har sau shida bisa galibi. Mutanenmu na Kaduna da yawa Shika suke zuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda akwai sashen masu ciwon daji, wasu su tafi asibitin Malam Aminu Kano, wasu babban asibitin ƙasa na Abuja.

Bari in ɗan tsaya a kan Paclitaxel ɗin nan, domin masu cewa su sun fi yarda da itatuwa. Asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a dazukan yammacin Amurka a shekarun 1960, aka yi ta gwaji kusan shekara talatin, sai a 1992 aka ba da izinin amfani da shi ga wannan cuta. Ashe shi ma sassaƙe ne. Bambancinsa da wanda ake sayar maka a jarka a bakin tasha shi ne, wannan an san abin da ke cikinsa, an auna shi da tsawon mace da nauyinta, an kuma san ɓarnar da yake yi.

Ɓarnar kuwa tana nan, kada wani ya ruɗe ka. Maganin yana bin duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa ne ya kashe, ba ya tambayar wannan ta cuta ce ko ta lafiya. Shi ya sa gashi yake zubewa, baki ya yi gyambo, jini ya yi ƙasa. Rayuwar gidan gaba ɗaya sai ta koma zagayen kwana 21. Kwanakin farko tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi da kasala. Tsakiya, watau daga kwana 7 zuwa 14, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun faɗi ƙasa, jiki ya zama gida ba ƙyaure. Mako na uku ta ɗan farfaɗo, ta ci abinci, ta yi dariya da jikoki, sai a ɗebi jini a auna, idan ya isa a sake komawa. Wanda ya fahimci wannan zagaye ya fahimci rabin jinya.

"TA TAFI GIDA JINYA"

To, mu zo kan tambayarmu. Al'adar da muka tarar ita ce, mace in ta kwanta ciwo mai tsawo sai a kwashe ta a kai gidan iyayenta. Miji ya leƙa ranar Juma'a da ledar lemo da ayaba, ya tsaya daga zaure ya ce yaya mai jiki, ya juya. Idan an yi masa magana, wanda ya ɗan yi karatu a cikinsu sai ya ce ai littafi bai ɗora mini ba.

Gaskiya ne akwai wannan a littafi, ba zan ɓoye muku ba. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar, da ya lissafa abin da ya wajaba miji ya yi wa matarsa, abinci da sutura da wurin kwana da sauransu, ya fitar da magani da ladan mai ƙaho daga cikin wajibi. Wannan shi ne mashhurin zance a mazhabar Maliku, haka kuma yake a sauran mazhabobi uku. Wanda ya kawo wannan hujja bai yi wa malamai ƙarya ba. Amma ya ɗauki rabin magana ya bar rabi.

Ka tambayi kanka, wane irin magani ne malaman nan suke nufi? A zamaninsu magani abu ne na watakila, a sha a dace ko a sha a rasa, kuma mafi yawansa a bayan gida ake tsinko shi ko a saya da 'yan kuɗi kaɗan. Ba su ɗauke shi abin da rai ya dogara a kansa kamar hatsi ba. Ko a cikin mazhabar ma ba baki ɗaya aka yi ba, domin an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam, ɗaya daga cikin manyan Malikawan Masar, cewa ladan likita da magani suna kan miji. A zamaninmu kuma Shaihu Wahbatuz Zuhaili, malamin Sham wanda ya rasu a 2015, ya tafi a kan cewa magani a yau ya zama kamar abinci ko ya fi, saboda haka yana cikin ciyarwar da ta wajaba. Ni abin da na gamsu da shi ke nan. Allah Ya yi umurni a zauna da mata da kyautatawa, Ya kuma mayar da ma'aunin ciyarwa ga abin da mutane suka sani na alheri gwargwadon ƙarfin mutum. Wane mai hankali ne zai kira wannan kyautatawa: ta yi maka shekara ashirin tana tuƙa tuwo, tana haihuwa, tana wanki, ranar da jikin ya gaza sai ka mayar wa tsohon da ya ba ka ita, kamar wanda ya ari keke ya mayar da shi da faci?

Akwai abin da ya fi wannan ƙarfi. A shekara ta 2 bayan Hijira, lokacin da Musulmi suka fita Badar, Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah tana kwance ba lafiya a Madina. Ubanta yana nan da rai, kuma shi ne mafificin halitta. Da jinya ta gidan uba ce kawai, da sai ya ɗauke ta ya kai ɗakin ɗaya daga cikin matan gidansa. Bai yi haka ba. Mijinta Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, shi aka bari a kanta, aka kuma ba shi rabonsa na ganima, aka lissafa shi da lada irin na wanda ya halarci yaƙin. Ka duba fa, Badar ce, ranar da Musulmi ba su fi ɗari uku da 'yan kai ba, ranar da ake bukatar kowane hannu. Duk da haka aka cire namiji guda daga sahu aka zaunar da shi a gefen shimfiɗar matarsa. Kai kuma kana ganin riƙe mata kwanon amai ya rage maka girma a majalisa.

Ban ce haramun ne mace ta yi jinya a gidan iyayenta ba. Sau da yawa ita ce ma take so, domin hannun uwa da 'yan'uwa mata ya fi mata daɗi, kuma a gidan miji akwai yara da hayaniya. Idan ita ta zaɓa, madalla. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da tafiyar ta zama saki marar takarda, jiki ya tafi, nauyi ma ya bi shi. Mafi muni kuma, a ji ana haɗa lefe tana tsakiyar zagaye na uku. Ƙarin aure halal ne, ba mai ja. Amma kuɗin akwatin nan su ne kuɗin zagaye na huɗu da na biyar, kuma aikin da aka yi mata, wanda sau da yawa ake cire mahaifa da gidan ƙwai duka biyu, ya riga ya sa tana ganin kanta ta ragu. Halal ma yana da lokacin da yinsa yake zama rashin mutunci.

Idan kuwa uwa ce, to babu ma wata mas'ala da za a tattauna. Malamai ba su yi saɓani ba cewa ciyar da iyaye mabukata wajibi ne a kan ɗa mai hali. Abin da nake gani dai shi ne samari suna tura kuɗi ta waya su ɗauka sun sauke, su bar wa ƙannensu mata kwana a tsaye.

ABIN DA JINYAR TA ƘUNSA

Abu na farko da za ka saya ba zuma ba ce, ba dabino ba ne, ma'aunin zafin jiki ne, ɗan ƙaramin nan da ake samu a kowane kemis. Idan jikinta ya yi zafi ya kai 38 a kan ma'auni, ko ta kama rawar sanyi, musamman a makon tsakiya, to wannan ba zazzaɓin da muka saba ba ne da ake cewa bari a ga safiya. Jikin da ba shi da masu tsaro, ƙwayar cuta tana iya gama da shi cikin sa'o'i. A daren nan za a tafi asibiti, ko ƙarfe biyu ne, a gaya wa likita tana kan kemo da ranar da aka yi mata na ƙarshe. Kada a ba ta farasitamol tukuna a ce zafin ya sauka, domin yana rufe alamar ne cutar tana ci ta ciki. Saboda haka tun da rana tsaka ka san wane maƙwabci ne mai mota ko mai Keke da za ka buga wa ƙofa, ka san asibitin da ya fi kusa, ko na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko na Barau Dikko, ba sai an jira gari ya waye a kama hanyar Zariya ba. Ka ɗaura mata gidan sauro kullum. Zazzaɓin cizon sauro da kai za ka yi kwana uku ka miƙe, ita yana iya sa a ɗage mata magani, ko abin da ya fi haka.

Sai dubiya. Dubiya sunna ce mai girma, kuma mutanenmu ba su da rowar ta. Amma ku dubi yadda muke yinta: mata goma sha biyar a cikin ɗaki ɗaya, da goyo, da mai tari, da mai mura, kowa sai ya kama hannunta, a zauna tun hantsi har la'asar, ita kuma dole ta tashi zaune ta amsa gaisuwa. Daga nan kowace ta kawo labarin wance da ta yi irin wannan ciwo ba ta kai Ramadan ba. Wannan ba ita ce sunnar ba. Sunna a taƙaita zama, a yi addu'a, a faɗi magana mai sa rai. A nan ake bukatar namiji. Ƙanwarka ba za ta iya hana gwaggo shiga ba, amma kai za ka iya zama a zaure ka karɓi gaisuwa da fara'a, ka ce likita ya hana taro a wannan mako, a dawo mako mai zuwa. Za a ce ka cika iyayi. To a ce. Ka ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki, wanda zai shiga ya wanke hannu. Kuma ka faɗa da babbar murya kowa ya ji: sankara ba a ɗaukarta. Ba a ɗaukarta ta kwano, ba ta tabarma, ba ta numfashi. Ware mata kofi domin kare ta daidai ne, ware ta domin gudunta zalunci ne.

Abinci kuma, kada a tasa ta gaba da malmala biyu a ce sai ta cinye. Bakinta ya canja, nama yana mata ɗanɗanon ƙarfe, ƙamshin suya kaɗai yana tayar mata da zuciya. A riƙa ba ta kaɗan kaɗan sau shida ko bakwai a yini: kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fate, alale, dafaffen ƙwai, romon kifi ko kaza, shayin citta mai sauƙi. A nisantar da murhu daga tagarta. Abin talla da bai dahu ba a ajiye shi tukuna, nonon da ba a tafasa ba, kwaɗo da salak na bakin titi, tsiren da ya sha ƙura, tuwon da ya kwana ba a ɗumama shi sosai ba. Ruwan sha a tafasa, ta kuma sha da yawa, domin ta ƙoda ɗayan maganin yake fita. Maganin hana amai a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, ba sai aman ya zo ba, sai dai yana ɗaure ciki, to a gaya wa likita idan ta kwana biyu ba ta zaga ba. Gyambon baki, ruwan ɗumi da ɗan gishiri a riƙa kurkurawa, a bar asawaki mai tauri a koma mai laushi.

Akwai kuma minjiryar hannu da ƙafa. Paclitaxel yana taɓa jijiyoyi, sai ta ji tafin ƙafarta kamar ba nata ba, allura ta gagare ta, carbi ya riƙa suɓucewa. Mai irin wannan tana iya taka garwashi ko ta tsoma hannu a ruwan zafi ba ta ji ba. Kai za ka taɓa ruwan wankanta kafin ta shiga, kai za ka gyara dakalin banɗakin nan mai santsi. A gaya wa likita da wuri, domin yana iya rage awon maganin. Ƙaho da tsaga da sakiya kuwa a dakata da su gaba ɗaya. Na san falalar ƙaho ta tabbata, amma wadda jininta ba ya saurin daskarewa, fatarta kuma ba ta da mai tsaro, ba a kai mata aska.

Gashi yana fara zuba mako biyu zuwa uku bayan ƙarin farko, har gira da gashin ido. Kai namiji kana aske kanka duk Juma'a ba ka ji komai ba, don haka ba za ka gane ba. Ita kuwa ranar da ta ga kitsonta a kan matashi, ranar ce ciwon ya zama gaskiya a wurinta. Kada ka yi wasa da wannan, kada kuma ka ce haba, a kan gashi kike kuka. Ka sayo mata ɗankwali mai laushi da hula, ka tabbatar mata yana dawowa bayan an gama magani, domin gaskiya ne yana dawowa.

Ibadarta ma tana bukatar wanda zai sauƙaƙa mata da ilmi. Tsofaffin matanmu sun fi tsoron rasa azumi a kan tsoron mutuwa. Ka zaunar da ita ka gaya mata Allah da kanSa Ya ɗauke wa maras lafiya azumi Ya ce ya rama in ya warke, in kuwa ya tabbata ba za ta ƙara iyawa ba, a ciyar. Wadda ake so ta sha ruwa domin ƙodarta, ta ɗauki azumi a cikin zafin Kaduna, ba ta ƙara kusanci da Allah ba, ta dai ƙi kyautarSa. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Manzon Allah yadda zai yi salla, aka ba shi izinin zama in tsayuwa ta gagara, da kishingiɗa in zama ya gagara. Ranar da ruwa yake cutar da ita, ga taimama. Likita namiji kuma, in babu mace, lalura ta halatta, kai dai ka kasance a kusa.

TAWAKKALI, DA MASU CIN KASUWA DA SHI

Wajen zagaye na biyu ko na uku ne Shaiɗan yake zuwa, kuma da rigar nasiha yake zuwa. Za a ce, kai yaro, maganin nan ne zai kashe ta ba ciwon ba, dubi yadda ta koma. Ko kuwa akasin haka, ciki ya sace, awon jinin nan da ake kira CA-125 ya sauka, sai a ce ai ta warke, me za a koma yi? Duka biyun hanya ɗaya suke kaiwa, a bar magani a tsakiya. Wanda ya yi noman fari ya ƙi maimai ya san abin da ciyawa take yi. Abin da ya saura na cutar shi yake dawowa, kuma na biyun ya fi wuyar sha'ani.

Daga nan sai a ce a koma ga Allah. Da can wurin wa aka je? Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji labarin annoba sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya yi masa magana a kan gudun ƙaddara, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su. Hanyar Shika ma ƙaddara ce. Wani zai kawo labarin baiwar Allah mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri aka yi mata albishir da Aljanna. Labarin ingantacce ne. Amma ka lura, ita ta zaɓa wa kanta, ba mijinta ne ya zaɓa mata domin ya huta da kashe kuɗi ba. Haƙurin da ake yi da jikin wani ba haƙuri ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, a yi mata safe da yamma, kai da kanka ka yi, ba sai an ɗauko wani an biya shi ba. Amma boka da ɗan bori da mai duba, wanda zai ce a kawo baƙin bunsuru a tono abin da aka binne, wannan ya cinye kuɗin magani, ya raba zumunci, ya kuma taɓa imani. Sai ɗan'uwansa na zamani, mai lasifika a kan mota ko mai shago da sunan Musulunci a allo, wanda yake rantsuwa jarka ɗaya tana narkar da daji. Zuma da habbatus sauda abubuwa ne masu albarka, amma duk abin da za ta sha, ko na gargajiya ne, a nuna wa likitanta tukuna, domin hanta da ƙodar da ke fama da kemo ba su da sauran wurin ɗaukar wani kaya.

Kuɗi kuwa, ba wanda zai ce da sauƙi. Zagaye ɗaya, in ka haɗa magani da awon jini da kuɗin mota daga Kawo zuwa Zariya da dawowa, yana iya lashe albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. A 2019 gwamnatin tarayya ta shiga wani shiri da wasu ƙungiyoyin waje na rage farashin magungunan daji a manyan asibitocin koyarwa, don haka ka tambayi kantin maganin asibiti da ofishin jin daɗin marasa lafiya kafin ka fita kasuwa, inda jabu ma yake yawo. Asusun tallafin masu daji da aka buɗe a 2021 da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara. Saura sai mu. Ka tara dangi tun farko, a lissafa zagaye shida gaba ɗaya, a rubuta wanda ya ɗauki na ɗaya da wanda ya ɗauki na biyu, kada a bari sai ana gobe tafiya a fara buga waya. Fakirin da ciwo ya cinye, da wanda bashin jinya ya danne, duka suna cikin masu cin zakka. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin tayil da fanka, ya iya wannan.

Saura magana ɗaya mai nauyi, ita ce ɓoye mata. Mun saba likita ya kira maza gefe, a fito a ce mata ƙari ne kawai. Niyyar tausayi ce, amma mace mai hankali da aka kai sashen masu daji, gashinta ya zube, kana tsammanin ba ta sani ba? Ta sani, tana yin shiru ne domin ta tausaya muku, sai kowa ya zauna shi kaɗai da abin da ke cinsa. Jikinta ne, kuma majalisar Jidda ɗin nan ta ce izinin magani a hannun maras lafiya yake matuƙar yana cikin hankalinsa. Tana da bashin da take so ta biya, da wasiyya, da wadda take so su yafi juna. A gaya mata da tausasawa, gwargwadon abin da ta nemi sani, tare da likita, a kuma gaya mata gaskiyar cewa akwai matan da suka gama maganin nan suka koma harkokinsu shekaru.

Sanin sunan cutar yana da wani amfani kuma ga 'yan'uwanka mata. Wani kaso na wannan sankara gado ne, ta hanyar wasu ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA, waɗanda suke jawo sankarar mama ma, kuma namiji yana iya ɗaukarsu ya ba 'ya'yansa mata shi bai sani ba. Idan a danginku an sami mace biyu ko uku da ciwon mama ko na ƙwai, ka faɗa wa likita. Awon bakin mahaifa da ake yi wa mata ba ya gano wannan. Saboda haka idan yayarka ko ƙanwarka ta ce cikinta yana kumbura kusan kullum har mako biyu ko uku, tana ƙoshi da loma kaɗan, kada ka miƙa mata kuɗin maganin olsa. Ka ɗauke ta ka kai ta wurin likitan mata a yi mata hoton ciki.